Kotson Barmo a Hannun Nomau

An ce wani sarki ya yi zamani a wata alƙarya mai ganuwa, kuma Allah ya ba shi kunne mai tsananin son kiɗa. Yana da makaɗin kotso, wani tsoho mai suna Barmo, wanda ya yi wa mahaifin sarkin kiɗa, ya kuma yi wa shi sarkin. Masu ba da labari sun ce idan Barmo ya matse kotso a hammata ya sauke yatsunsa a kan fata, har ungulayen mahauta sukan bar faɗa su saurara. Ban tambayi ungulu ba, amma haka aka gaya mini.

Ran nan Barmo ya riga mu gidan gaskiya. Da aka share makoki, sai aka miƙa kotsonsa ga Nomau, magidancin da ya yi shekaru yana tsaye a bayansa yana yi masa amshi. Ranar Juma'a Nomau ya zo ƙofar fada ya yi kiɗa. Sarki ya saurara, fuskarsa ta koma kamar ta wanda ya tauna maɗaci.

Ya ce, "Wannan ba kiɗan Barmo ba ne."

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai kotsonsa ne."

Sarki ya ce, "Na ga kotson. Muryar nake nema. Ka nemo ta kafin watan nan ya mutu. In ba ka samo ba, za a huda fatar a bainar jama'a, ka kwashi iyalinka ka bar mini ƙasa."

To, makaɗin da aka huda wa fata a ƙofar fada, babu mai sake kiransa ko da bikin sayen jaki ne. Nomau ya koma gida, ya shiga nema. Ya cire fatar ya sa ta ɗan akuya, bai ji Barmo ba. Ya sa ta ɗan maraƙi, haka. Ya ja tsarkiya har ta kusa tsinkewa, ya dawo ya sassauta ta. Ya ƙara danƙon da ake shafawa a tsakiyar fata, ya rage, ya sake ƙarawa. Ya shanya kotson a rana, ya kara shi ga wuta. Da dabara ta ƙare, sai ya aro tsohuwar rigar Barmo ya sa, ya koma tauna goro ta gefen hagu kamar yadda marigayin ke yi, daga bisani har ɗingishinsa ya ɗauka.

Matarsa ta dube shi yana ratsa tsakar gida, ta ce, "Malam, ɗingishin dai ya fito sak. Saura kiɗan."

Kowace Juma'a ya je fada, kowace Juma'a sarki ya girgiza kai. Da wata ya kusa ƙarewa, sai Nomau ya nufi bayan gari wurin Malam Shekarau, wani tsohon alƙali da ya daɗe da ajiye aiki ya koma kiwon zabi, wanda mutane ke zuwa neman shawara gare shi. Ya kwashe labari ya gaya masa. Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, "Miƙo mini sandata."

Suka iske sarki a zaune da fadawa. Malam Shekarau ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, wata shari'a ce ta ɗaure mini kai, na zo ka warware mini. Wanda aka ba ajiya ya salwantar da ita, mene ne hukuncinsa?"

Sarki ya ce, "Ya biya."

"Wanda kuma ba a ba shi ba?"

"Ba a bin sa komai."

"To, wa ya ba Nomau ajiyar muryar Barmo?"

Sarki ya ce, "Baba Alƙali, ai shi ya gaji kotson."

Tsoho ya ce, "Ya gaji icce da fata, ya sarki. Hannun kuwa da ni aka kai shi makwanci, ban ga an ciro shi an ba kowa ba."

Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Ya yi shekaru a bayansa. Wanda ya koya da gaske, sai ya yi kamar malaminsa. Barmo bai taɓa ba ni uzuri ba."

Malam Shekarau ya gyara zama, ya ce, "Tunda ka kawo wannan, ka yi mini izini in ba ka labarin ranar da aka fara kawo Barmo fadar nan. Ina zaune a gindin ginshiƙin can, lokacin gemuna bai fito sosai ba. Makaɗin mahaifinka na farko sunansa Jatau. Kotsonsa siririyar murya gare shi, yatsunsa kuwa kamar yayyafi a kan ƙwarya. Da ya rasu aka ce Barmo ya maye gurbinsa. Shi kuma Barmo yana da yatsa ɗaya da ya sandare tun yana yaro, ba ya iya wannan sauri. Sai ya sassauta tsarkiya, ya cika danƙo, don muryar ta yi kauri ta daɗe tana amo ta rufe masa giɓin. Inda Jatau ke gudu, shi sai ya sa luguden da ya tashi yana ji a turmin uwarsa. Ka san abin da mahaifinka ya ce da ya ji? Ya ce wa ya jefa kwaɗo a rijiya. Ya rantse sai ya kore shi."

Sarki ya ce, "Me ya hana?"

Tsoho ya ce, "Haƙori, ranka ya daɗe. Ciwon haƙori ya kama mahaifinka, ya manta da kowa da komai. Kafin ya warke, kunnensa ya saba da kwaɗon, daga baya ma ba ya cin tuwo sai ya ji shi. Muryar nan da kake nema, mutum ne ya so ya zama Jatau ya kasa, ya zauna ya gyara kasawarsa har ta zama tasa. Shin, ya sarki, kullum sai talaka ya jira haƙorin sarki ya yi ciwo kafin ya tsira?"

Sai sarki ya dubi Nomau ya ce, "Kai, kana da naka kiɗan?"

Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai ɗan wanda nake yi a bayan ɗaki in ba kowa. Rabinsa na Barmo ne. Sauran kuwa, uwata 'yar bakin kogi ce, na taso ina jin masu tuƙa kwalekwale, kuma maƙwabcina maƙeri ne, gudumarsa ta shige mini hannu."

"Yi mu ji."

Nomau ya sa farce ya kankare rabin danƙon, ya ja tsarkiya ta ɗan yi tsauri, ya ƙwanƙwasa fatar ya saurara, ya sake ja kaɗan. Sannan ya matse kotso ya fara. Muryar ta fito tsaka-tsaki, tana tafiya tana lilo kamar jirgi a kan ruwa, can kuma sai ta faɗo da nauyi. Fadawa suka zuba wa fuskar sarki ido don su san ko kiɗan ya yi musu daɗi. Waziri ne kaɗai ya dubi ƙasa, ya ga babban yatsan ƙafar sarki yana motsi a ƙarƙashin riga.

Da aka gama, sarki ya ce, "Ba Barmo ba ne."

Nomau ya sauke kotso daga hammata.

Sarki ya ce, "Amma na ji ya leƙo ya wuce, kuma wanda ya biyo bayansa ban ƙi shi ba. Babu mai taɓa fatar nan. Ka dawo Juma'a, ka zo da wannan."

Nomau ya saki numfashin da ya yi kusan wata yana riƙe da shi. Ya kifa goshi a ƙasa zai yi godiya, sai kuma ya ɗaga kotso ya yi ta da yatsu.

Sarki ya juya ga Malam Shekarau ya ce, "Baba Alƙali, saura kaɗan in kori mai rai don ya kasa zama mamaci. Mai riƙe da hukunci ya tambayi kowa abin da Allah ya ba shi, kada ya tambaye shi abin da aka ba wani."