Dalilin da ya sa ɗakunan jiki ke rushe kansu

Dalilin da ya sa wasu ƙwayoyin jikin mutum ke mutuwa tun mai jikin yana tafe, ku gyara zama ku ji. Kai Ɗanlami, cire alewar nan daga bakinka.

A cikin jikin kowa akwai ɗakuna mitsi-mitsi, su ne ƙwayoyin nan, ido ba ya ganinsu. A da can ba a taɓa jin ɗaya ya faɗi ba. A wani ɗaki kusa da tumbi akwai wata tsohuwa, Gwamma. Aikinta naɗe maganin da ke kwantar da zaƙi a jini, kamar yadda ake ƙunshe alale a ganye. In naɗin ya karkace, ƙunshin ya zama guba.

Sai Harshe ya ɗanɗani zaƙi ya haukace. Safe zaƙi, rana zaƙi. Jini, mai kai saƙo, ya riƙa buga ƙofa: "Iya, a ƙaro magani!"

Gwamma ta yi ta sauri har naɗi ya fara karkacewa. Karkatattun ƙunshi suka manne da juna, suka taru. Ta rufe ƙofa, ta kira 'yan taya aiki, suka warware na warwarewa, suka zubar da sauran. Harshe bai daina ba. Tsibi ya kai rufi.

Jini ya leƙo ya ce, "Iya, miƙo su haka nan. Wa zai duba?"

Ta ce, "Ni zan duba, ɗan nan."

"Harshe fa ya ce ko ki bayar, ko a sa wata."

"Harshe! Abin da ko ƙashi ba shi da shi ne zai ba ni umarni? Je ka gaya masa guba ba za ta fita ta ƙofata ta shiga gidan maƙwabta ba."

Ta sallami 'yan taya aikin. Ta ƙulle tsibin tamau don kada ko ɗigo ya tsiyaye. Sannan ta ɗaure zane, ta sa kafaɗa ta ture ginshiƙin ɗakin, rufi ya rufto a kanta da kayan duka.

Maƙwabta suka share wurin, suka yi alkawari duk wadda aiki ya cuɗe mata haka, abin da za ta yi ke nan.

Shi ya sa har yau, in an takura wa ɗakin jiki ya kasa gyara ɓarnarsa, sai ya rushe kansa. In ɗakunan suka yi ta faɗuwa, wa zai naɗa maka magani? Miƙo alewar nan, na ce.