Ƙafar Kunnawa da Okoth Ya Bari Tana Lilo

Okoth gwani ne wajen zana allon lantarki, wannan ba na musu. Amma mutumin nan ya san ya iya, kuma girman kai ya yi masa katutu. A ɗan kamfaninmu na garin Kisumu muna da ƙa'ida: duk zanen da za a tura masana'anta a ƙasar Sin, sai wani ya bi shi layi-layi tukuna. Shi Okoth gani yake wannan raini ne.

A shekarar muna haɗa na'urorin da za a kafa a bakin kogin Nyando. In ruwa ya taso daga tuddai, na'urar ta aika saƙo, jiniya ta yi kuka a ƙauyukan gangare. Ɗaya daga cikinsu ƙauyen mahaifiyar Okoth ne.

Ɗan guntun lantarkin da ke aika saƙon a cikin na'urar yana da ƙafa guda ta kunnawa. Dole a ɗaure ta da layin wuta ta wani ɗan abin rage ƙarfin wuta da ake kira resista, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. In aka bar ta tana lilo, sai ta kunna ko ta kashe yadda ta ga dama. Masana'antar na shirin rufewa don hutun sabuwar shekararsu, sai Okoth ya tura zanen ba wanda ya duba. Abokiyar aikinmu Nyaboke ta gani daga baya, ta tambaye shi ina resistan.

"Hajiyar bincike," in ji shi yana dariya, "ga shi a tebur yana aiki. Je ki sha shayinki."

A busasshen ofis kam ya yi aiki. Aka kafa na'urorin, mutanen ƙauye suka daina tura mai gadi gada don duba tasowar ruwa kamar yadda suka saba.

Ran da abin ya faru, tun safe ake tafka ruwa a tuddai. Muna zaune gaban kwamfuta, sai na'ura ta farko ta daina aiko da saƙo. Ta biyu ta bi ta. Laima ta shiga akwatunan na'urorin, ƙafar ta kashe guntun. Okoth ya kira wayar mahaifiyarsa ba ta shiga, ya kira ta maƙwabta, ita ma haka. Muka ɗauki mota, a garin Ahero ruwa ya tare hanya, ga akuya matacciya ruwa na wucewa da ita a gabanmu.

Sai la'asar wani mai kwale-kwale ya kai mu makarantar da aka tara mutane. Mahaifiyar Okoth na zaune a ƙasa, an lulluɓe ta da bargo. Okoth ya durƙusa. Ta ce maƙwabciyarta Akumu ta ga ruwan ya canza launi, ta so su gudu da jikanta tun da hantsi.

"Ni na hana ta, Baba," ta ce a hankali. "Na ce kowa ya zauna, na'urar ɗana ba ta yi kuka ba."

Har yau ba a ga Akumu da yaron ba.

Darasin a nan shi ne, duk iyawarka kada ka ƙi a duba aikinka, kuma kada gaggawa ta sa ka raina ƙaramin abu. Abin da ka tsallake a kan tebur, wanda ya amince da kai ne zai biya shi da ransa.