Sakainar Gidan Zabi a Wuyan Muzuru

An yi wani Zabo mai girman kai da ke shugabantar danginsa a gindin wata tsamiya. Yana da ƙanwa, Zabuwa, wadda ba ta yarda da abu sai ta bincika.

Tun kaka da kakanni gidan zabin nan suna da tambari: ido buɗe, da zangarniyar gero a ƙarƙashinsa. Kowane ɗan gida yana rataye da 'yar sakaina mai wannan zane.

Wata safiya sai ga Muzuru da sallama, sakainar gidan tana lilo a wuyansa. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanenka Auta da ya tafi ci-rani ne ya aiko ni. Ya samu gonar gero, ya ce babban yaya ne zai fara ci. Ga shaidarsa."

Zabo ya kumbura ƙirji. "Kun ji ko? Har a nesa an san girmana!"

Zabuwa ta zagaya baƙon, tana kallon igiyar sakainar. "Malam, wannan igiya tsinke ta aka yi, aka sake ƙullawa. Me ya sa?"

"Ƙaya ce ta kama ta a hanya."

"To, da Auta ya ba ka, me ya ce maka idon nan ke nufi?"

Muzuru ya lashe baki. "Ido ne mai hango abinci, Inna."

"Ƙarya kake!" in ji Zabuwa. "Ma'anarsa, in dangi na ci, ɗaya ya tsaya gadi. Auta ba zai aiko kowa bai gaya masa haka ba. Yaya, kada ka bi shi."

"Ke rufe mana baki!" Zabo ya daka mata tsawa. "Baƙin ciki kike yi don ni aka gayyata. Tambarinmu ne ko ba namu ba?"

"Namu ne. Abin da nake tambaya, yaya aka yi ya bar wuyan mai shi?"

Zabo bai saurare ta ba, ya bi Muzuru yana taƙama. Zabuwa ta tattara dangi, suka bi su daga reshe zuwa reshe.

Suna shiga wata sarƙaƙiya, Muzuru ya yi tsalle ya cafke kan Zabo. Nan take zabi suka sauko da kuka da sara, har Muzuru ya sake shi ya ranta a na kare. Zabo ya tsira, amma ko gashi ɗaya bai rage a kansa ba.

Babu gona, babu gero. A cikin sarƙaƙiyar, gashin Auta kawai suka tarar a warwatse. Zabuwa ta tsinci sakainar, suka koma gida.

Darasin wannan labari shi ne, yara, ana iya sace alamar gida a rataya. Kafin ku bi wanda ya zo da ita, ku tambayi inda ya samo ta, kuma kada son girma ya toshe muku kunne.