Kukan Gwaggo Ofeina

Akwai wata matashiya a nan Melbourne mai suna Losaline Taufa, 'yar asalin tsibirin Tonga. Fim ɗinta na farko, a kan masuntan ƙauyensu, ya shiga gasar wani babban bikin fina-finai na duniya da ake yi a garin. Duk wanda ya gani sai ya yabi wuri ɗaya: inda gwaggonta Ofeina ke ba da labarin ɗanta da ruwa ya ci, har kuka ya kayar da ita ƙasa.

Ana gobe za a haska, Gwaggo ta iso daga ƙauye. Losaline ta kunna mata fim ɗin. Da aka zo wurin, tsohuwa ta ajiye gwazan da take ci.

"Wannan za ki nuna wa baƙi? Ina birgima a ƙasa?"

"Gwaggo, ai kin yarda a ɗauka."

"Da ke na yi magana, 'yar nan, ba da duniya ba. Ki cire."

Losaline ta kira furodusanta, Darcy.

"Kin haukace?" in ji shi. "Duk wanda ya taɓa fim bayan alƙalai sun karɓa ya fita daga gasa. Ki ce mata an cire, gobe ki bar ta a gida."

Ta kasa zama, ta kasa cin abinci. Shekarun wahalarta ne a fim ɗin nan. Amma tana leƙa falo ta ga Gwaggo ta yi tagumi, sai ta yanke wurin kukan daga fim ɗin, ta je wurin shugabar bikin ta faɗi gaskiya. Aka cire ta daga gasar, amma aka yarda a haska fim ɗin ba tare da wurin kukan ba.

Ranar nuni Losaline ta zo zauren tare da Gwaggo. Aka gama, aka yi tafi sama-sama. Wani ɗan jarida ya tambayi Losaline dalilin fitarta daga gasar.

Sai Gwaggo ta miƙe.

"Ni na sa ta," ta ce. "Labarin ɗana ne, a tsaye zan ba ku shi."

Ta faɗi sunansa, Sitiveni, da irin dariyarsa, da safiyar da kwalekwalensa ya dawo babu kowa. Losaline tana fassarawa.

Zance ya bazu, har aka ƙara ranakun nuni. Ranar rufe biki, babbar kyautar alƙalai ta tafi ga wani. Kyautar da 'yan kallo ke zaɓa kuwa, wadda ba ruwanta da gasar, sunan Losaline aka kira.

Gwaggo ta jujjuya kofin kyautar a hannu ta ce, "To, yanzu dai sai ki ci abinci."

Darasi: Kada ka sayi ɗaukaka da mutuncin wanda ya amince da kai. Abin da ka bari don kare shi, Allah zai musanya maka ta inda ba ka zata ba. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.