Shafuka Arba'in da Bakwai na Auta

Akwai wani kafinta da ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, wanda shi ne rabin matsalarsa. Ƙofar da ya haɗa sai ta tsufa ba ta yi ƙara ba. Autan gidansu a wajensa ya koyi riƙe zarto, daga baya ya buɗe nasa shagon a ƙarshen layin.

Kowannensu yana da shafi a intanet. Bambancin kawai, wayar Auta ba ta hutawa, ta Yaya kuwa matarsa ce ke kira ta ji ko ya ci abinci.

Mutane kan tsayar da mota a ƙofar Yaya su ce, "Malam, don Allah ina shagon kafintan nan na intanet?" Sai ya nuna musu da haɓa. Bai taɓa nunawa da hannu ba, wai hannunsa na aiki ne.

Shi dai a cewarsa ba hassada yake ba, bincike yake. Ya ture katako gefe, ya zauna kan benci cikin garin katako, ya shiga koyon dabarun injin bincike na intanet. Ya gano idan ka rubuta site: ka liƙa adireshin shafi, za a jero maka abin da injin ya sani na shafin. Idan ka sa alamar debewa gaban kalma, za a cire maka ita. Idan ka sa jimla cikin alamar zance, za a nemo ta daidai yadda take.

Sati uku yana haka. Ya san shafin Auta yana da ƙananan shafuka arba'in da bakwai a cikinsa, ya san wanda aka ƙara ranar Talata. Wata kujera da aka ba shi gyara tana nan a kife da ƙafa uku tana jiran ya gama karatu.

Ran nan ya ɗauki jimlar da yake ji da ita daga nasa shafin, "ƙofar da jikanka zai gada", ya sa ta cikin alamar zance. Sakamako ɗaya ya fito, kuma a shafin Auta. Bai buɗe ba. Ya buga layin a takarda, ya nufi gidan mahaifiyarsu, ya sa aka kira Auta. Buƙatarsa ɗaya ce: Mama ta sa yaron nan ya rufe shafinsa, in ba haka ba kowa ya kama gabansa.

"Mama, kalmomina ne. Ni na koya masa aiki, yanzu har bakina ya ɗauke."

Mama ta juya takardar sama da ƙasa. "Wannan ɗan layin ne ya hana ka aski sati uku?"

"Hujja ce, Mama."

Auta ya karɓa ya duba. "Yaya, ka buɗe shafin kuwa?"

"Me zan buɗe? Ɓarawo zan yi wa sallama?"

Auta ya buɗe a wayarsa, ya karanta a fili: "Ni ba gwanin ƙofa ba ne. Mai son ƙofa ya je wajen yayana, shekara ashirin yana yin ta. Kamar yadda yake cewa, ƙofar da jikanka zai gada." A ƙasa ga adireshin shafin Yaya.

Yaya ya gyara zama. "To in haka ne, me ya sa nawa shafin bai fito ba?"

"Abin da nake son tambayarka ke nan tun bara, amma in na gaishe ka da haɓa kake amsawa. Sa site: ɗin nan a naka mu gani."

Yaya ya rubuta. Wannan ne karo na farko da ya gwada dabarar a kan adireshinsa. Injin ya ce bai san da shi ba. Ko shafi ɗaya.

Auta ya shiga saitin shafin, ya nuna masa wani ɗan akwati da aka yi wa maki, mai gaya wa injunan bincike kada su jera shafin. A nan Yaya ya tuna. Ranar da aka haɗa masa shafin, shi da bakinsa ya ce wa mai haɗawar ya toshe duk hanyar da wani zai bi ya kwashi kayansa. Mutumin ya yi aikinsa tsakani da Allah. Shekara biyu ba wanda ya kwashi komai, har da masu saye.

Auta ya cire makin. "Sai an ɗan jira kafin injin ya zagayo."

Mama ta ce, "To Babban Yaya, a rufe na Auta ko a bari?"

Yaya ya ninke takardarsa gida huɗu, ya sa a aljihu. "A bari." Sannan ya dubi ƙaninsa. "Amma akwai kuskure a shafin nan. Shekara ashirin da biyu ne."

"Zan gyara, Yaya."

Darasi: Mai hassada yakan san lissafin shagon kowa, nasa ne kawai bai leƙa ba. Kafin ka binciki ɗan'uwanka, fara sa adireshinka, kuma ka buɗe shafi ka karanta kafin ka kira taro. Ku tura wa 'yan'uwa. Wanda ya ji haushi, wataƙila shi aka fi nufi.