Zanen Tanoma da Ramin Tururuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ta yau mai ɗaci ce.

Ta zo mu ji ta, ko da ɗacin nata.

To, ku gyara zama. A wani gari can da, in an gama girbi sai a yi bikin kaka. Ranar bikin kowace mace takan share ƙofar gidanta da sassafe, ta yayyafa ruwa, ta ɗebo garin sabon gero. Sai ta ɗiga ɗigo a ƙasa, bakwai a tsaye, bakwai a kwance. Sannan ta ja layin gari yana zagaya ɗigon nan, ba ya taɓa ko ɗaya, har ya komo inda ya faro.

Ba don ado kawai ake yi ba, rabon tururuwa ne. Kafin hantsi sun kwashe garin tsaf sun kai rami. Kowane gida da raminsa. In shekarar yunwa ta zo, matar gida ta je ta tona, abin da ta bayar shi zai riƙe 'ya'yanta har damina.

Akwai wata mace a garin, sunanta Tanoma. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda, Kyauta. Duk garin ba mai hannun Tanoma a zane, kuma ta san da haka, har ta fi kowa sani. Abu ɗaya ke ci mata rai. Kafin baƙin ƙauyuka su iso kallo, tururuwa sun share zanen, ba abin nunawa sai ƙasa.

Tana zaune tana tsaki, sai ga Ƙadangare a kan katanga yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Uwar ɗakina, wannan hannu naki a ce na ƙwari ne?"

Ta ce, "To ya zan yi? Haka muka tarar."

Ya ce, "Ki daka farar ƙasa. Ta fi gari haske, ta fi shi nauyi. Kwana bakwai za su yi suna ja."

Ku san ba don Allah ya faɗa ba. Tururuwa mai nauyin kaya ba ta gudu, shi kuwa cikinsa yake wa aiki.

Kaka ta zo. Tanoma ta daka farar ƙasa ta yi zane, fari fat. Kwana bakwai mutane na zuwa suna riƙe baki. Ƙadangare ya kwanta a bakin hanya yana ta lasar tururuwa. Uwar tururuwa ta zo ta gaishe ta, ta ce garin bana ba ɗanɗano. Tanoma ta ce sabon iri ne. Uwar tururuwa ta yi godiya ta tafi.

Kaka ta sake zagayowa. Tanoma ta ƙara faɗin zanen, har daga bayan kogi aka zo kallo. Uwar tururuwa ta zo ta ce garin nan yana karya wa 'ya'yanta wuya. Tanoma ta ce albarka ce ta yi masa yawa. Uwar tururuwa ta yi godiya ta tafi.

Kaka ta uku, uwar tururuwa ta zo ba ta ko gaisa ba.

Ta ce, "Tanoma, mu ba mu san zaɓe ba. Abin da aka ba mu shi muke ajiyewa. Gari ne wannan?"

Kyauta na tsaye riƙe da zanin uwarta. Tanoma ta dubi 'yar, ta dubi jama'ar da ta cika ƙofar gida ana yabonta.

Ta ce, "Gari ne."

Damina ta gaba, gero ya fara fitar da kai, sai fara ta sauko. Ta cinye gona, ta cinye ganye, ko ƙaiƙayi ba ta bari ba. Rumbuna suka ƙare. Mata suka ɗauki fartanya, kowace ta nufi raminta, kowace ta komo da ƙwarya cike.

Tanoma ta goya Kyauta, don yarinyar ba ta iya tafiya kuma. Ta isa raminta ta tona ɗakin ajiya na farko, farar ƙasa. Ta tona na biyu, farar ƙasa. Ta jefar da fartanya ta sa hannu, tana tono har faratanta suka zube. Ta kai na uku. Farar ƙasa ce, an jera ta tsaf, ba a taɓa ko ƙwaya ba.

Uwar tururuwa ta ce, "Ajiyarki ke nan, mun riƙe amana."

Tanoma ta nemi Ƙadangare. Yana kan katanga, ya yi ƙiba. Ta ce ya faɗa mata dabara. Ya gyaɗa kai, ya gyaɗa kai, ya zulle cikin tsaga.

Maƙwabta sun taimaka, kada ku ce ba su yi ba. Wannan tafi guda, waccan tafi guda, amma kowa da nasa bakunan. Ranar da tafin ya yanke, Kyauta ta ga farin abin da uwarta ta kwaso daga rami a ƙwarya.

Ta ce, "Inna, ga gari nan, ki dama mini."

Tanoma ta kasa ce mata ba gari ba ne. Ta dama tana kuka, ta ba ta. Yarinya ta sha, ta ce ta ƙoshi, ta kwanta a cinyar uwarta. Ba ta tashi ba. Ni kaina duk sanda na zo nan sai zuciyata ta karye.

Tun daga ranar, in kun ga tururuwa biyu sun haɗu a hanya, sai sun tsaya sun haɗa kai. Tambayar juna suke yi, gari ne ko ƙasa? Ku kuwa in za ku ba da abu, ku ba da na gaske, don watarana 'ya'yanku ne za su ci shi.

Ƙurunƙus, ta ƙare a bakin ramin tururuwa.