Kurege da Dawar Kura

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!"

"Ta taho mu ji ta, Iya!"

Wata rana Kura za ta tafi biki, sai ta kira Kurege. Ta ce, "Ga kwandon dawata, iri ne na shuka. Ka tsare mini. In ƙwaya ɗaya ta lalace, da kai zan yi miya."

Kurege ya ce, "Haba, Yaya Kura! Je ki abinki."

Kun san Kurege da son yawo. Ya bar kwando a tsakar gida ya tafi satar gyaɗa. Ruwa kuwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin kwana uku dawa ta jiƙe, ta yi tsiro fari fat.

Kurege ya ɗora hannu a ka. "Wayyo ni, na zama miya!"

Ya shanya ta a rana. Tsiro ya bushe, amma yana nan. Ya niƙe ta don kada a gani. To, ai gari ba ya shukuwa! Sai ya dama, ya dafa, ya juye a tulu, ya rufe, wai ko ya ce kunun tarba ya yi mata.

Kura ba ta dawo ba sai da tulun ya kwana biyu a rufe. Ta tarar tulu yana kumfa, yana ɓuɓɓuga shi kaɗai.

Ta ce, "Ina dawata?"

Kurege ya ce, "Sha ruwa tukuna, Yaya. Kin sha hanya."

Ta sha ƙwarya ɗaya. Ta yamutse fuska. "Tsami! Ina dawata?"

"Ƙara dai."

Ta sha ta biyu. Sai ta ƙyalƙyale da dariya. "Kurege, ashe haka kake da kyau? Me ma nake tambaya?"

"Ƙara dai, Yaya."

Ta sha ta uku. Ta miƙe, ƙafafun baya suka ƙi bin na gaba. Ta ce a kira mata Zaki ta mare shi. Ba ta rufe baki ba ta faɗi rim, sai minshari.

Kurege ya arce ramin gara. Washegari yana leƙowa, caraf! Kura ta damƙe wuyansa. Idonta jawur, kanta na sarawa. Kurege ya rufe ido, ya sallama.

Sai ta sunkuyo ta ce a hankali, "Akwai saura?"

Kai, yara, ranar Kurege ya ji daɗi! Ya ce, "Babu, sai an kawo dawa."

Ta kawo kwando. Ta sake kawowa. Ta yashe rumbunta tas. Da damina ta faɗi, kowa ya fita shuka, Kura ko ƙwaya ba ta da ita. Kurege kuwa tuni ya sayar da sirrin ga wata tsohuwa, Gwamma, a kan gyaɗa mudu guda, ya ƙara gaba. Daga tukunyar Gwamma burukutu ya shiga gari.

Ita kuwa Kura har yau ba ta da gona. Tana yawo tana tangaɗi, tana dariya ita kaɗai, cikinta fayau. Wanda duk ya saba da tulun nan, rumbunsa ne zai fara ramewa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ku tashi mini daga kan tabarma.